Har yanzu Toyota ta cancanci kuɗinta ga mutumin karkara?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, ina kuma taɓa noma. Na sayar da riɗi da shanu biyu, na haɗa da kuɗin adashi, ina son sayen motata ta farko. Tsakanin garinmu da kwalta akwai 'yar tafiya, da rani rairayi, da damina taɓo. Amfanin motar shi ne kai iyali asibiti da unguwa, shiga Kano jefi-jefi, ranar Lahadi kuma in ɗora buhu biyu ko uku zuwa kasuwar Gujungu. Duk wanda na tuntuɓa sai ya ce Toyota. To amma dillalai sun ce kuɗina ba za su wuce Corolla 2005 wadda aka hau a nan gida ba, alhali da su zan sami Honda ko Peugeot 406 mai kyan gani har da canji. Wani abokina kuma ya ce Toyota yanzu suna kawai ya rage mata. Shin har yanzu ta cancanci saye?

Amsa

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sa albarka a abin da ka tara. A taƙaice, Corolla ta cancanci saye ga mai buƙata irin taka, amma ba kowace Corolla ba, kuma ba don tambarin da ke manne a gabanta ba. Mu da muke wuni a ƙarƙashin mota muna ganin Toyota da aka jawo da igiya zuwa gareji kamar kowace mota. Bambancinta shi ne idan ta kwanta ba ta daɗewa a kwance.

Maganar abokinka tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba motarka ta shafa ba. Toyota ta yi kiran a dawo mata da miliyoyin motoci don gyara a 2009 da 2010 saboda matsalar totur, ta kuma shiga cikin kamfanonin da badaƙalar jakar iska ta Takata ta rutsa da su. Sababbin motocinta sun cika na'urori, suna son tsaftataccen mai da bakanike mai kwamfuta. Amma kai ba sabuwa za ka saya ba. Motar da ake maka tayi ta kai shekara ashirin a duniya, wani ya more ta a Amurka ko Turai, wani ya sake morarta a nan, mai yiwuwa na uku ma ya yi haya da ita. Abin da kamfani ke ƙerawa bana a Japan ba zai ƙara mata komai ba, ba kuma zai rage ta da komai ba. Abin tambaya shi ne me waɗannan mutanen suka bar maka a cikinta.

Tsadar kuwa ba dillalai ne suka ƙirƙira ba, ko da yake ba sa wasa da la'adarsu. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar da 'yan Kwatano suka saba biyowa zuwa Arewa. A Yunin 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024, kuɗin kwastan ya bi ta. Tokumbo, wato wadda aka hau a ƙasar waje aka shigo da ita, ta gagari mai albashi, kowa ya koma kan wadda aka hau a nan gida. Kafin nan kuma, ranar 29 ga Mayun 2023, an cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Sai masu manyan injuna suka fara neman kai da su, kowa ya dawo neman ƙaramar mota marar shan mai. Corolla ce ta tsaya a mahaɗar waɗannan abubuwa biyu, shi ya sa tsohuwarta take tsadar da ba ta yi ba tana budurwa.

To me mutum yake saya da wannan ƙarin kuɗin? Abu na farko kayan gyara. Tun 1966 ake ƙera Corolla, an sayar da sama da miliyan 50 a duniya, don haka babu abin da zai lalace a jikin ta 2005 da ba za ka samu a Ƙofar Ruwa a wuni ɗaya ba, sabo ko ɗan Beljiyam. Ƙananan abubuwa irin birki da fulogi da filta ma ba sai ka shiga Kano ba, akwai su a Ringim da Gumel da Haɗejiya. Ga mutumin birni wannan sauƙi ne kawai. Ga wanda matarsa za ta iya fara naƙuda da tsakar dare, motar da za ta yi mako biyu a kan jak ana jiran kaya daga Legas ba ta da maraba da babu. Na biyu, bakanike. Yaron da ya yi shekara uku a gareji ya san cikin wannan injin. Na uku, ranar da ka matsu, ko takin damina ko auren 'ya, Corolla ba ta kwana a hannun dillali, kuma ba a yi mata tayin wulaƙanci. Ɓarayi ma sun san haka, saboda haka ka tanadi inda za ta riƙa kwana.

Yanzu ga inda nake so ka natsu, domin Toyota iri-iri ce.

Corolla ta 2003 zuwa 2008 'yar Amurka tana ɗauke da inji mai lita 1.8 da ake kira 1ZZ. Sarƙa ce ke juya tayimin ɗinsa ba bel ba, don haka babu fargabar bel ya tsinke a daji. In lafiyarta ƙalau, kuma ƙafarka ba ta da nauyi, za ta ba ka kilomita 12 zuwa 13 a lita. Aibin injin ɗaya ne sananne, shan baƙin mai. Ƙofofin da baƙin mai ke komawa ta cikinsu a jikin fiston ƙanana ne, in ba a yin juye a kan kari sai su toshe, ringi ya maƙale, man ya riƙa hawa sama yana ƙonewa tare da fetur. Na farko-farko sun fi fama da wannan, daga baya kamfani ya sake fasalin fiston. Shi ya sa in ka sami ta 2006 zuwa 2008 a farashin da ka iya, ta fi ta 2003 kwanciyar hankali. Akwai kuma 'yar Turai mai lita 1.4 ko 1.6, galibi mai kuloci ce. Mutane suna raina ta don ba ta da ado a ciki, ni kuwa ita na fi so wa mutumin ƙauye. Ta fi tsimin mai, in batir ya mutu yara su tura ta tashi, in ta kafe a rairayi kana iya lallaɓa ta da giya biyu.

Dillali zai iya ce maka ka ƙara kaɗan ka hau Camry, wai ta fi girma. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai lita 2.4, wadda 'yan kasuwa ke kira Masul, injinta ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, har Toyota ta riƙa canza wa masu ita fiston kyauta a Amurka idan an gwada an ga tana shanye kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato wajen kilomita 1,900. Wadda ta iso nan ba ka san ko an yi mata aikin ko ba a yi ba. Dashbod ɗinta ma narkewa yake yi a zafin rana ya riƙa danƙo. Ga shan fetur ya ɗara na Corolla. Ban ce babu ta kirki a cikinsu ba, amma ba motar farko ba ce ga mai albashin firamare. Corolla daga 2014 zuwa sama kuwa, mafi yawan 'yan Amurka suna da giyar da ake kira CVT, mai nata man na daban, wadda ba ta son a riƙa murza taya a taɓo ana totur. Kuɗinka ba su kai can ba, kuma ba ka yi asarar komai ba.

Idan ka je ganin mota, kada ka yarda a kawo maka ita da zafinta. Ka ce a bar ta ta kwana, ka je da sassafe tare da bakaniken da kai ka ɗauko, kai za ka biya, wanda bai san dillalin ba. Ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake. Kafin a tayar, a murɗa makulli har fitilun dashbod su kama. Ka nemi mai hoton inji da mai hoton jakar iska. Dole su kama, ta jakar iska ta mutu da kanta bayan 'yan daƙiƙu, ta inji ta mutu in mota ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta da baƙin salatif don ɓoye wani abu. Daga nan ka koma baya ka tsuguna wajen salansa a tayar. Farin tururi na ɗan lokaci da safe ba komai ba ne. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da warin ƙonannen mai shi ne abin gudu. In ta huce, ka zura yatsa a bakin salansar. Busasshen baƙi kamar gawayi fetur kawai take sha fiye da kima, ana gyarawa da ɗan kuɗi. In yatsanka ya fito da maiƙo, injin ya fara cin kansa. Ka buɗe murfin baƙin mai ka haska ciki da fitilar waya. Ƙarfe mai launin zuma alamar an kula da ita. Baƙin daskararren abu kamar kwalta alamar mai ita yana yin juye sai ya tuna. In kuma ka ga abu fari-fari kamar madara a jikin murfin, ana zargin ruwa ya haɗu da mai, ka yi sallama da su.

Kada ka kula da lambar tafiyar da ke kan mita. Juya ta baya ba ya ɗaukar lokaci, kuma ta 'yar Amurka da mil take ƙirga, kowane mil kilomita 1.6 ne. Mai sayen sa a kara ba ya tambayar dillali shekarunsa, bakinsa yake buɗewa ya duba haƙora. Haƙoran mota su ne robar fedar birki, da fatar sitiyari, da gefen kujerar direba inda ake zamewa a fita. In waɗannan sun cinye mita kuma tana cewa mil 90,000, mitar ce maƙaryaciya.

Sai maganar ruwa. Motoci da yawa da ake kawowa daga Amurka gwanjon kamfanonin inshora ne, wasu hatsari, wasu ambaliya. Ta gida ma ba ta tsira ba, kai da kake Jigawa ka san abin da ruwa ya yi a 2022 a yankin Ringim da Haɗejiya. Ka ɗaga kafet ta ƙarƙashin kujera, ka cire safaya ka duba raminta. Laka busasshiya a lungu, tsatsa a ƙarfen da kujera ke zamewa a kai, warin rima da aka danne da turare, duk shaidu ne. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, in ruwa ya taɓa kwanciya a motar sau da yawa za ka ga shatinsa a can ciki inda mai wanki bai kai ba. Motar ruwa tana iya tafiya lafiya wata uku, sannan wayoyinta su fara hauka ɗaya bayan ɗaya, kuma babu mai waya da zai gama da ita.

Shekarar motar ma ka tabbatar da kanka, don ana canza fitilu da bamba a ƙara wa mota shekaru. Lambar shasi tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, haruffa da lambobi 17. A 'yar Amurka, na goma shi ne shekara: 5 na nufin 2005, 8 na nufin 2008, harafin A kuma 2010. Ka gwada ta da wadda ke jikin ƙofa da wadda ke cikin takardu, ukun su zama ɗaya. A ƙarshe a sa mata kwamfuta, a kuma leƙa ƙasa a ga ko katalis ɗin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, yana nan, domin ana yanke shi a sayar. Sannan ku hau ta zuwa inda za ku yi gudu da inda za ku bi gargada, rediyo a kashe.

Hanyar garinku ita ce inda Corolla ba ta da abin alfahari. Tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce kusan santimita 15 ba. A hanyar da manyan motoci da amalanke suka haƙe gefe biyu suka bar tudu a tsakiya, cikinta zai riƙa shara, kuma abin da ke fara dukan ƙasa shi ne tukunyar baƙin mai. Ka sa a ɗaura mata farantin ƙarfe a ƙasa, ka koyi ɗora taya ɗaya a kan tudun. A rairayi mai zurfi ka rage iskar taya kaɗan, ka ƙara in ka hau kwalta. Ana ɗaga ta da ɗan abin da ake sakawa a kan sifirin, in an yi kaɗan babu laifi, in an zarce sai ta riƙa cin shaf da taya. A watan Agusta kuwa akwai ranakun da babur ne kawai zai fita, ko wace ƙaramar mota ka saya.

Buhu biyu ko uku ranar Lahadi za ta ɗauka, in ba a cika ta da mutane ba. Buhu uku na gero sun kai nauyin manya huɗu, ka lissafa haka. Amma na san halinmu. Yau buhu uku ne, gobe maƙwabci ya kawo nasa biyu, jibi an ɗaure akuya a but. In zuciyarka tana raya maka lodi ko haya, ka faɗa wa kanka gaskiya tun yanzu ka nemi Golf 3 mai dogon baya. Ba banza ta cika tashoshin Kano da Jigawa ba. Tana jure wahala, kayanta araha, kowane gari akwai mai gyaranta. Sai dai an daina ƙera ta tun ƙarshen shekarun 1990, wayoyinta sun tsufa, tana yawan ɗaukar zafi, kuma samun wadda 'yan haya ba su gama da ita ba sai an tona. Tsakanin biyun akwai Toyota Matrix da tagwaininta Pontiac Vibe na 2003 zuwa 2008. Vibe sunan Amurkawa ne a jikinta, amma yawancinsu injin 1ZZ ɗin nan ne a ciki, bayanta a buɗe, kujerun baya suna kwanciya su ba ka fili. Da can ana samunta da rahusa saboda ba ta da tambarin Toyota, yanzu mutane sun farga. Duk da haka in ka ci karo da mai lafiya, ta fi Corolla dacewa da Gujungu.

Peugeot 406 ba ta da na biyu wajen laushi a gargada, an kuma harhaɗa ta a Kaduna, inda kamfanin yake tun 1975. Amma tana son mai waya wanda ya san ta, in babu irinsa kusa da kai za ka sha zirga-zirga. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 injinta mai silinda huɗu nagari ne, rauninta ƙafar gaba. Bol-joyin ɗinta in ya gaji a hanya marar kyau yana iya sakin taya ana cikin tafiya. Wanda yake duba ƙafa a kai a kai yana sa kaya na gaske zai ji daɗinta. Canjin da za ka samu a kansu yau, shi za ka rasa ranar sayarwa.

In Allah ya sa ka saya, ka sani yawancin Toyota da ke mutuwa a hannunmu ba tsufa ke kashe su ba. Baƙin man da aka rubuta wa wannan injin 5W-30 ne. Bakanike zai ce maka a zuba mai kauri 20W-50 saboda zafin ƙasarmu. In injin bai fara sha ba kada ka yarda, hanyoyin mai a cikinsa sirara ne, mai kauri ba ya isa sama da wuri da safe. Ka riƙa juye duk kilomita 5,000 ko wata shida saboda ƙurarmu, ka sayi mai a galan mai hatimi, ba na durom da ake aunawa a kwalba ba. Filtar mai ta jabu ta cika kasuwa, in araharta ta yi yawa ka bar ta. Kada a cire tamostat a haɗa fanka kai-tsaye, wannan al'ada ce da muka gada daga zamanin Peugeot 504, a injin zamani ƙara shan mai take yi. Lagireto ruwansa na musamman ne, ruwan rijiya yana barin gishiri da tsatsa. In otomatik ce, man giyarta T-IV ne, ba duk jan mai ba ne man giya. Filtar iska kuma ka duba ta duk wata a lokacin hunturu.

Fetur ɗin 'yan bumburutu, na san a ƙauye wani lokaci babu yadda za a yi. Ka tace shi da ƙyalle mai tsabta in ya zama dole, ka kuma saba cika tanki duk sanda ka fita gari mai gidan mai. Famfon mai a cikin tanki yake, fetur ne ke sanyaya shi, mai yawo kullum da jar fitila shi ke canza famfo.

Takardu kada ka ɗauke su da wasa don motar ta daɗe da lamba. Motoci da yawa sun shigo ta daji, takardun kwastan ɗinsu na bogi ne, kuma ranar da aka tare ka a hanya ba za a tambayi wanda ya shigo da ita ba. Ka kai lambar shasi ofishin kwastan na shiyyar Kano da Jigawa da ke Bompai a duba kafin ka biya. Ka ga mai motar ido da ido ba dillali kaɗai ba, sunansa ya dace da na takarda, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin mallaka.

Kuma kada ka zuba duk abin da ka tara a kan farashin. Motar hannu, ko ta fi kowace lafiya, a watan farko za ta nemi juye, da ruwan lagireto, da birki, galibi da taya biyu da batir. Ka ware wajen kashi ɗaya cikin goma na kuɗinka don wannan. In Corolla da aka nuna maka sai ka haɗa da kuɗin takin bana za ta sayu, ko ta faɗi a gwajin salansa da na murfin baƙin mai, ka bar ta ka ci gaba da nema, ko da zai kai ka bayan girbi. Allah ya haɗa ka da rabonka.